Naman kaza na daji

Naman kaza, ko laimar kwaɗi, tsiro ne marar ganye da ke yaɗuwa ta wani gari mai laushi da ke zuba daga ƙarƙashin hularsa. A karkarar Yamai da Tawa yana fitowa da damana, daga Yuli zuwa Satumba, a gindin suri, kan kututture ko kan kashin shanu.

Ganewa

Ana tono shi ne da wuƙa har gindi, domin a gindin alama mafi muhimmanci take. Irin Termitomyces, wanda ake ci, yana da doguwar saiwa da ta nutse cikin gidan gara, da ɗan tsini a tsakiyar hula. Wanda gindinsa ke cikin wata ƴar jaka, da zobe a kara, ƙarƙashin hularsa fari, dangin Amanita ne, a bar shi.

Sai gwajin gari: a yanke hula, a kife ta kan takarda rabi fara rabi baƙa, a rufe da kofi ta kwana. Garin Termitomyces fari ne mai ɗan ja. In ya fito kore, Chlorophyllum molybdites ne, mai sa amai da zawo cikin awa 1 zuwa 3. Yana yawan ruɗar mutane, don babba ne, fari, mai ban sha'awa.

Dafawa ko shanyawa ba su kashe gubar Amanita phalloides, ɗan asalin Turai. Ciwon bai tashi sai bayan awa 6 zuwa 24, ya lafa kamar an warke, alhali hanta na lalacewa. Shi ya sa ake gaggawar kai mutum asibiti tare da ragowar abin da ya ci. Ganin tsutsa ko akuya ta ci ba hujja ba ce.

Masu juya hankali

Irin su Psilocybe cubensis, da ke tsirowa kan kashin shanu a ƙasashe masu zafi da laima, na ɗauke da sinadarin psilocybin. Ƴan ƙabilar Mazatec na Meziko sun daɗe suna amfani da irin waɗannan a al'adunsu, ga alama tun ƙarnoni kafin zuwan Turawa. Masanin kimiyya Albert Hofmann ya ware sinadarin a 1958 a Suwizalan. Masu neman irin wannan naman kaza kan ruɗe da wani iri, Galerina, mai irin gubar Amanita.

Doka

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 kan abubuwa masu juya hankali ta sa psilocybin a rukunin farko na abubuwan da aka fi tsananta wa, amma ba ta ambaci tsiron kansa ba, sai kowace ƙasa ta yi nata hukunci. Ingila ta haramta ɗanyensa a 2005, Holan a 2008. A Faransa yana cikin jerin miyagun ƙwayoyi. Nijar na cikin yarjejeniyar, kuma dokarta ta 1999 ce ke hukunta laifukan ƙwaya, OCRTIS, hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, ke bincike. Batun amfani da sinadarin wajen maganin ciwon damuwa har yanzu ana muhawara a kai.