Tsoron mutuwa da ra'ayin siyasa

Tsoron mutuwa da ra'ayin siyasa wani ɓangare ne na ilimin halayyar ɗan Adam da yake duba yadda tuna mutuwa ke shafar wanda mutum zai zaɓa shugaba da kuma irin kallon da yake yi wa wanda ba nasa ba. Yawancin binciken ya fito ne daga ƙa'idar sarrafa fargaba, wadda ake taƙaitawa da TMT daga sunanta na Turanci, Terror Management Theory. Abin da ƙa'idar ke cewa shi ne mutum ya san mutuwa tana nan tafe, to don kar sanin ya hana shi sakat sai ya kama al'adarsa da addininsa da ƙasarsa gam, abubuwan da yake ganin za su wanzu ko bayan ransa, duk wanda ya taɓa su kuwa ya taɓo masa wuri mai ciwo.

Asali

Tushen maganar daga Ernest Becker ne, masanin al'adun ɗan Adam haifaffen Amurka a 1924 wanda ya ƙare koyarwarsa a jami'ar Simon Fraser a Kanada. A 1973 ya fitar da littafinsa The Denial of Death, inda ya ɗora a kan tunanin masana halayyar ɗan Adam Otto Rank da Freud da masanin falsafa Kierkegaard, yace yawancin abin da mutane ke ginawa, sarauta ne, dukiya ce, suna ne, duk neman dawwama ne a fakaice. Littafin ya ci kyautar Pulitzer a 1974 amma shi Becker bai gani ba, cutar daji ta riga ta kashe shi a watan Maris na shekarar. Masana da yawa a lokacin ba su ɗauki maganar da wani muhimmanci ba saboda babu yadda za a gwada ta, sai da wasu mutum uku da suka haɗu a jami'ar Kansas wajajen ƙarshen shekarun 1970, Jeff Greenberg da Sheldon Solomon da Tom Pyszczynski, suka mayar da ita abin gwaji, suka wallafa ƙa'idar a 1986.

Yadda ake gwajin

Ana raba mahalarta rukuni biyu, a rukunin farko a ba mutum takarda a ce ya rubuta abin da yake ji in ya tuna mutuwarsa, da abin da yake ganin zai faru da jikinsa lokacin da rai ke fita. Ɗaya rukunin kuma a tambaye su wani abu daban, kamar ciwon haƙori ko kallon talabijin. Sai a ɗan ɗauke musu hankali da wani aiki na 'yan mintoci kafin a auna ra'ayinsu, wai tasirin ya fi fitowa in tunanin ya koma can ƙasan zuciya.

Gwajin da ya fi suna shi ne na 1989 da aka yi da alƙalai 22 a garin Tucson na jihar Arizona. An ba su takardun shari'ar wata mata da ake zargi da karuwanci aka ce su yanke kuɗin beli, waɗanda aka tuna wa mutuwa suka yanke kusan dala 455 a matsakaici, sauran kuwa dala 50 kacal. Adadin alƙalan kaɗan ne gaskiya, amma labarin ya yaɗu sosai. A 1998 kuma aka yi na miyar barkono, inda waɗanda aka tuna wa mutuwa suka zuba wa mai sukar ra'ayinsu na siyasa barkono da yawa alhali an gaya musu ba ya son yaji.

A fagen siyasa

Harin 11 ga Satumba 2001 da aka kai Amurka ne ya jawo hankali kan batun. Farin jinin shugaban Amurka na lokacin, George W. Bush, a ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ya tashi daga kashi 51 zuwa 90 cikin ɗari a 'yan kwanaki. A 2004 Mark Landau da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa tuna mutuwa ko tuna harin ya ƙara wa Bush goyon baya, ya rage na abokin takararsa John Kerry. Wani bincike na 2006 ya samu ɗalibai a Iran sun fi karkata ga goyon bayan harin ƙunar baƙin wake bayan an tuna musu mutuwa, masu ra'ayin riƙau a Amurka kuma sun fi amincewa da amfani da ƙarfin soja mai tsanani.

Akwai saɓani kan fassarar sakamakon. John Jost da abokansa a 2003 sun ce barazana na tura mutane ne zuwa ra'ayin riƙau. Masu TMT sun ce kowa ƙara riƙe abin da dama yake kai yake yi. Wani nazari na 2013 da ya tattara gwaje-gwajen ya ga alamun duka biyun.

Suka

Aikin Many Labs 4, wanda sakamakonsa ya fara fitowa a 2019 aka wallafa shi a 2022, wanda haɗin gwiwar masu bincike ne, ya maimaita wani gwajin tuna mutuwa na 1994 a jami'o'i da dama bai samu tasirin ba. Wasu daga cikin magoya bayan ƙa'idar sun ƙalubalanci yadda aka tace mahalarta da ƙarancinsu a wasu wuraren. Ana kuma sukar cewa galibin waɗanda aka yi gwajin da su ɗaliban jami'a ne na Amurka.