Brave: kundin waƙoƙin Marillion na 1994 da ra'ayoyin masu sauraronsa

Brave shi ne kundi na bakwai da ƙungiyar mawaƙan Birtaniya mai suna Marillion ta naɗa a situdiyo. Kamfanin EMI ne ya fitar da shi ranar 7 ga Fabrairun 1994. Kundi ne mai jigo ɗaya, wato waƙoƙinsa duka a ɗinke suke da juna, suna ba da labari guda daga farko har ƙarshe, kuma tsawonsa ya ɗan haura minti 70. Ya kai matsayi na 10 a jerin kundayen da aka fi saye a Birtaniya, sannan ya sauko da sauri. Kamfanin bai ji daɗin cinikin ba. Amma a yau, in aka tambayi masoyan ƙungiyar wane aiki ne ya fi kowanne, Brave na cikin waɗanda ake fara ambata, har wasu kan sa shi gaba da wani kundinta mai suna Misplaced Childhood, wanda ya fi shi kasuwa nesa ba kusa ba.

Inda salon ya samo asali

Salon da ake kira neo-prog ya taso ne a Birtaniya a farkon shekarun 1980. Matasa ne da suka tashi da kiɗan ƙungiyoyi irin su Genesis da Yes da Pink Floyd, masu dogayen waƙoƙi da sauye-sauyen kari, suka farfaɗo da shi bayan 'yan jarida sun gama yi masa jana'iza. Marillion, wadda aka kafa a garin Aylesbury a 1979, ita ce ta fi yin suna, sai IQ da Pendragon da Pallas da Twelfth Night. Gidan kiɗan Marquee da ke Landan shi ne matattararsu.

Tsohon mawaƙin Marillion, ɗan Scotland da aka fi sani da Fish, shi ya ja ragamar Misplaced Childhood a 1985. Kundin ya hau matsayi na ɗaya, waƙar "Kayleigh" da ke cikinsa ta kai na biyu. Fish ya bar ƙungiyar a 1988, Steve Hogarth ya gaje shi a 1989. Tun daga nan masoya suka rabu gida biyu, kuma duk wata muhawara kan Brave tana ɗauke da ɓurɓushin wannan rabuwa.

Yadda aka yi shi

Kundin da ya gabace shi, Holidays in Eden na 1991, an yi shi ne da niyyar samun waƙoƙin da gidajen rediyo za su riƙa sawa. Tsofaffin masoya da dama sun ga kamar ƙungiyar ta sayar da kanta, sababbin da ake fata kuma ba su zo da yawa ba. EMI ta so a yi mata wani kundin cikin gaggawa kuma da araha. Abin da ta samu akasin haka ne. Mawaƙan biyar, wato Hogarth da Steve Rothery mai jita, da Mark Kelly mai kibod, da Pete Trewavas mai jitar bes, da Ian Mosley mai ganguna, sun tare a tsohuwar fadar Marouatte da ke yankin Dordogne na Faransa tare da mai tsara sauti Dave Meegan, daga baya suka ƙarasa aikin a situdiyon Parr Street da ke Liverpool. Aikin ya ci watanni masu yawa. Meegan ya riƙa naɗar ƙananan sautuka na wurin yana cusa su ƙarƙashin kiɗan, shi ya sa mai sauraro da na'urar kunne kan tsinci abubuwan da bai ji ba a karon farko.

Tushen labarin wata sanarwa ce da Hogarth ya taɓa ji a rediyo shekaru kafin nan. 'Yan sanda sun tsinci wata budurwa tana gararamba a kan gadar Severn, wadda ta haɗa Ingila da Wales. Ba ta faɗi sunanta ba, ba ta ce daga ina take ba, har sai da suka nemi jama'a su taimaka a gano ko 'yar waye. Hogarth, tare da marubucin waƙa John Helmer, ya ƙago abin da zai iya kai yarinya ga wannan hali: gidan masu hali wanda babu kulawa a cikinsa, cin zarafi daga uba, gudu daga gida, shaye-shaye, da jaridun da ke cin abinci da masifar mutane. Duk abin da ke cikin waƙoƙin bayan tsintar ta a gada ƙirƙira ce, ba tarihin yarinyar ba.

Abin da masu yabo ke cewa

Masu son Brave ba su cika yabon waƙa ɗaya ita kaɗai ba, kundin suke yabo gaba ɗaya. A jikin kwalinsa ma an rubuta shawara cewa a kunna shi da ƙarfi, a kashe fitilu, kuma masoya sun riƙe wannan kamar sharaɗi. A ganinsu wanda ya tsinci waƙa ɗaya ya saurara kamar wanda ya buɗe littafin labari a tsakiya ne, ya karanta shafi biyu ya ce bai gane ba.

Akwai wuraren da kusan kowa ke tsayawa a kansu. Buɗewar "Bridge" tana farawa da sautin ruwa da wata ƙara mai kama da ƙahon jirgin ruwa cikin hazo, kibod na shigowa a hankali, muryar Hogarth ƙasa-ƙasa har sai mutum ya ƙara sauti. Wanda ya ƙara kuwa zai sha mamaki in "Living with the Big Lie" ta fashe. Wannan tazara tsakanin raɗa da tsawa ita ce babban makamin kundin. Sai waƙar "Brave" kanta, inda sarewar jaka ta Ireland ke kuka a kan sauti guda mai tsawo, babu gaggawa ko kaɗan. Sai kuma "The Great Escape", wadda jitar Rothery ke ɗaukar nauyin abin da baki ya kasa faɗa. Da yawa na ganin nan ne ya yi kiɗan da ya fi taɓa zuciya a duk rayuwarsa ta waƙa. A wajen magoya bayan Hogarth, a Brave ne ya daina zama magajin Fish, ya zama mai gidan kansa.

Abin da masu suka ke cewa

Sukar ma tana da tushe. Ta farko ita ce nauyi: fiye da sa'a guda na baƙin ciki, da wuya mutum ya sa shi a mota ko yana aiki. Ta biyu, wuraren da sautin ya yi ƙasa suna ɓacewa in akwai hayaniya kusa. Ta uku ta shafi tsakiyar kundin. "Goodbye to All That" ta haura minti 12, kashi biyar ce, kuma yayin da wasu ke jin ta a matsayin hoton hankalin da ya gushe, wasu na cewa yawo ne kawai babu waƙar da za ta zauna a ka. "Paper Lies" da "Hard as Love", masu zafin kiɗan rok, su ma suna shan suka cewa sun karya yanayin da aka ɗau lokaci ana ginawa. Game da "Paper Lies" dai masu sukar na da gaskiya, domin labarin zai tsaya da ƙafarsa ko babu ita.

'Yan ɓangaren Fish kuma suna kewar kalmominsa masu sarƙaƙiya da dacin bakinsa. A wajensu Misplaced Childhood ya fi, don ya haɗa labari guda da waƙoƙin da ake rerawa a titi, kuma bai kai minti 45 ba. Akwai ma masu cewa Brave ba neo-prog ba ne sam, tun da ya yi nisa da salon Genesis. Ƙungiyar kanta ba ta taɓa son wannan laƙabi ba.

Ƙarshe biyu

A bugun faifan garmaho, gefe na huɗu yana da layi biyu da aka yanka kusa da juna. Inda allura ta faɗa shi ke yanke hukunci: ko dai a ji "Made Again", waƙa mai haske da ke nuna yarinyar ta tsira, ko kuma a ji wani zubin "The Great Escape" wanda ke ƙarewa da sautin ruwa, alamar ta faɗa kogi. Faifan CD da mafi yawan mutane suka saya yana ƙarewa ne da "Made Again". Wasu na ganin wannan waƙa numfashi ce da mai sauraro ya cancanta bayan duk abin da ya sha, wasu na ganin ta yi zaƙi fiye da kima. Fim ɗin da darakta Richard Stanley ya yi a kan kundin ya bi ƙarshe mai ɗaci, kuma bai samu karɓuwar da kundin ya samu ba, ko a wajen masoya.

Yadda ra'ayi ya sauya

A 1994 kasuwa ta karkata ga kiɗan grunge na Amurka da sabon salon Britpop, kuma waƙoƙi ukun da aka fitar daga Brave ɗai-ɗai ba su yi wani tasiri a rediyo ba. Bayan Afraid of Sunlight na 1995, Marillion ta rabu da EMI. Sai da aka kai 2016, da kundin F E A R, kafin wani sabon kundinta ya sake shiga goman farko a Birtaniya.

Abin da ya ɗaga darajar Brave shi ne dandali da kuma masoyan da ba su watse ba. A rangadin 1994 ƙungiyar ta riƙa kaɗa shi cikakke, kuma naɗin da aka yi a Paris ya fito a kundin Made Again na 1996. Waɗannan masoya ne suka tara kusan dala 60,000 ta intanet a 1997 don ƙungiyar ta je rangadi Amurka, suka kuma biya kuɗin kundin Anoraknophobia tun kafin ya fito a 2001. A taron ƙarshen mako da Marillion ke shirya musu an sake kaɗa Brave gaba ɗaya a 2002 da kuma 2013. A 2018 aka fitar da bugu na musamman wanda mawaƙi kuma mai tsara sauti Steven Wilson ya sake haɗa sautinsa, aka kuma saka haɗin Meegan na asali a cikin akwatin. Nan ma sabuwar gardama ta tashi: wasu sun ji daɗin yadda kowane kayan kiɗa ya fito fili a aikin Wilson, wasu kuma na cewa duhun da ke cikin haɗin Meegan wani ɓangare ne na labarin, kuma har yanzu shi suke sawa.