Mece ce motar "Kei"?

Wani lokaci mutum zai hangi wata 'yar mota a titi, siririya, mai tsayi sama kamar akwati, sitiyarinta a hannun dama, sunanta kuma ba wanda aka saba ji ba. Galibi Kei ce. Kalmar taƙaitawa ce ta "keijidosha" a harshen Japananci, wato mota mara nauyi. Kei rukuni ne da dokar Japan ta ware tun 1949, kuma kamfanoni da dama ne ke ƙera motoci a cikinsa.

Awo ne ke tabbatar da ita. Tun 1998, tsawonta ba ya wuce mita 3.4, faɗinta mita 1.48, tashinta sama mita 2. Injinta ba ya haura cc 660, ƙarfinsa kuma kamfanonin sun amince a tsakaninsu kada ya wuce doki 64. Ba ta ɗaukar fiye da mutum huɗu. Da yake doka ta ɗaure tsawo da faɗi, sai maƙera suka nemi fili ta sama, shi ya sa Honda N-Box da Daihatsu Tanto suke da siffar akwati. A Japan harajinta da inshorarta sun fi sauƙi, kuma lambarta ruwan ɗorawa ce da baƙin rubutu. Ta haya da kasuwanci baƙa ce da rubutu ruwan ɗorawa.

Suna kaɗai yana yaudara. Suzuki Alto da Carry da ake ƙerawa don wasu ƙasashe sukan zo da inji mafi girma, don haka ba Kei ba ne. Jimny ma iri biyu ce: ta Kei siririya, da Sierra mai faffaɗan baki a kan tayoyi da injin lita 1.5. Hanyar da ta fi tabbas ita ce lambar shasi. Motar da aka ƙera don cikin Japan ba ta da doguwar lambar shasi mai alamomi 17 da aka saba gani a motocin wasu ƙasashe. Tata gajera ce, misali DA63T sannan jerin lambobi, wanda ke nuna akori-kurar Carry. Da wannan lambar ake odar kayan gyara, domin fuloginta da matatar mai da burki sukan bambanta da na 'yar uwarta ta kasuwar waje.

Matsalarta kusan duk daga ƙanƙantar inji take. Yawanci silinda uku ne, kuma a babbar hanya yana juyawa da sauri sosai kafin ya riƙe gudu. Baƙin man da yake sha kusan lita 3 ne kacal, saboda haka man yana saurin gajiya. Mai tobo kuwa jinkirin juye mai shi ke fara kashe ta. Akori-kura kilo 350 aka yarje mata. In aka labta mata fiye da haka, kuloci da lagireto ne ke fara kuka, kuma da yake injin yana ƙarƙashin kujera ko bayanta, ba kowa ke tunawa ya duba ruwa ba.

A ƙasar da ake tuƙi ta dama, fitilunta na gaba suna haska ɓangaren da bai dace ba, da yake a Japan ta hagu ake tuƙi, suna kashe idon mai tahowa, sai an sake saitinsu. Wuce babbar mota ma akwai haɗari, domin direba yana gefen da ba ya hango gaba. Rediyon tsofaffin kuwa daga MHz 76 zuwa 90 kawai yake kamawa, tashoshin FM da yawa ba za su shigo ba sai an canza shi.