Waiwaye: Yadda Aka Fara Ƙwace Wa Mutum Ƙasarsa

Tun da aka soke wa Shamima Begum zama 'yar Birtaniya a 2019 muhawara ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Yarinyar haifaffiyar Landan ce, ta tafi Siriya a 2015 tana da shekara 15 don shiga ƙungiyar IS mai iƙirarin jihadi. Masu cewa ta ci amanar ƙasa da masu cewa yaudararta aka yi duk suna magana kamar yau aka fara irin wannan hukunci, alhali ya haura shekara ɗari.

Faransa ta yi dokar soke shaidar zama ɗan ƙasa a 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1921 Rasha ta raba ɗimbin 'yan gudun hijira da ƙasarsu, har aka ƙirƙiro musu fasfon Nansen, takardar tafiye-tafiye ta marasa ƙasa, a 1922. Dokokin Jamus na 1933 da 1941 suka bar Yahudawa ba ƙasa. Bayan wannan ɗanyen aiki ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana a 1948 cewa kowa na da haƙƙin zama ɗan wata ƙasa.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne 1961, shekarar yarjejeniyar rage yawan marasa ƙasa. Sashe na 8 ya hana a ƙwace wa mutum ƙasarsa idan hakan zai bar shi babu wata. Niyyar mai kyau ce, kuma ta ceci mutane. Sai dai a duba wanda ta kare: mai ƙasa ɗaya tak. Wanda ya gaji wata ƙasa ta wajen uba ko uwa, ko da bai taɓa taka ta ba, ko da bai iya harshenta ba, babu wannan garkuwa a gare shi. Yarjejeniyar ma ta bar ƙofa: wanda ya samu takarda ta hanyar ƙarya, da wanda ya cutar da manyan muradun ƙasa, idan ƙasar ta riƙe wannan dama tun lokacin shiga yarjejeniyar. Sannan a wancan zamani ƙasashe da yawa ba su yarda da riƙe fasfo biyu ba. Da ƙaura ta yawaita, 'ya'yan baƙi suka girma, sai ga mutum biyu, asibiti ɗaya aka haife su, laifi ɗaya suka yi, ɗaya a kai shi kurkuku, ɗaya a ce masa ba ɗan nan ba ne. A ganina nan gizo ke saƙar.

A kan wannan tsagi dokokin Birtaniya suka ɗora. Ta 2002 ta haɗa da haifaffun ƙasar masu wata ƙasa, ta 2006 ta ce ya wadatar idan sokewar za ta amfani jama'a, ta 2022 ta ba da damar yin ta wani lokaci ba tare da sanarwa ba. A shari'ar Shamima an dogara ne da cewa ta gaji zama 'yar Bangladesh daga iyayenta. Bangladesh ta ce ba 'yarta ba ce. A 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta kori ƙararta.