Sansanin Sojan Kumasi

Sansanin Sojan Kumasi tsohon gini ne na jan dutse da ke unguwar Adum a tsakiyar birnin Kumasi, ƙasar Gana. Turawan Ingila ne suka gina shi, suka kammala a 1897, shekara guda bayan sun kama Sarkin Tonawa (wato Ashanti), Prempeh na Ɗaya, sun fitar da shi daga ƙasarsa. Yau gidan tarihi ne na rundunar sojan Gana.

Kafin wannan ginin, Kumasi tana da wani gidan dutse mai suna Aban, wanda Sarki Osei Bonsu ya gina wajen 1820. Sojojin Ingila na Janar Wolseley suka rushe shi a 1874 lokacin da suka ƙone birnin.

Abin da ya fito da sunan sansanin shi ne yaƙin 1900. A watan Maris na shekarar, Frederick Hodgson, gwamnan Ingila na Gwalkwas (Gold Coast, Gana ta yau), ya tara sarakunan Tonawa ya ce a kawo masa Kujerar Zinariya ya zauna a kai. Ita kuwa kujera ce da ko sarki ba ya hawa, domin a wurin Tonawa ran al'umma ne ke cikinta. Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, ta zuga maza aka ɗauki makami. Daga ƙarshen Afrilu aka yi wa sansanin zobe, gwamna da matarsa suna ciki. Abinci ya ƙare. Fatake da iyalan soja da suka fake a gindin katanga, yunwa da agana suka yi ta ɗibar su. Ranar 23 ga Yuni Hodgson ya fasa zoben ya nufi bakin teku, ya bar sojoji ɗari da 'yan kai suna riƙe da ginin har 15 ga Yuli, ranar da Kanar Willcocks ya iso da gudummawa. Daga baya aka kama Yaa Asantewaa aka kai ta tsibirin Seychelles, inda ta rasu a 1921.

Sojojin da suka riƙe sansanin, a takardun Turawa, "Hausa" ake kiran su. Sunan ya samo asali ne daga rundunar da wani jami'in Ingila, John Glover, ya kafa a Legas a shekarun 1860, sannan aka kafa irinta a Gwalkwas a 1879. Sai dai ba dukkansu ne Hausawan asali ba: akwai Mosawa, Dagwamba, Gurunsawa da Yarabawa, Hausa ce kawai harshen bariki da ke haɗa su. Wannan fannin tarihin bai da daɗin ji ga kowa, tunda da hannunsu aka ci Kumasi, amma ba ya ɓoyuwa. Bayan yaƙin da yawa daga cikinsu sun ajiye kaki sun zauna a Zango tare da fataken goro, shi ya sa mutumin Zango da ya shiga gidan tarihin nan ba labarin baƙi kaɗai yake gani ba.

Tun farkon shekarun 1950 aka mayar da ginin gidan tarihi. A ciki akwai bindigogi da tutoci da lambobin yabo, da makaman da sojojin Gwalkwas suka kwaso daga Habasha da ƙasar Bama (Myanmar ta yau) a Yaƙin Duniya na Biyu. A farfajiya kuma an jera igwa da motocin sulke. Akwai ɗakunan kurkuku masu duhu da ɗan jagora ke nuna wa baƙi. Daga kasuwar Kejetia ana iya takowa da ƙafa.