Waiwaye: Daga akwatin gidan waya zuwa darasin intanet

Mutane da yawa sun ɗauka karatun jami'a daga nesa abu ne da annobar korona ta kawo a 2020. Ya girmi intanet nesa ba kusa ba, kuma tun farkonsa malami da ɗalibi ba sa haɗuwa a lokaci guda. Malami ya rubuta darasi yau, ɗalibi ya karanta jibi, ko da tsakar dare bayan ya tashi daga aiki.

A 1840, shekarar da Ingila ta fito da kan sarki mai araha, Isaac Pitman ya fara koyar da rubutun gaggawa irin na sakatarori ta gidan waya. Yakan aika darasi a kan kati, ɗalibi ya yi aikin ya mayar masa, shi kuma ya gyara ya sake aikawa. Wannan kai-da-komo shi ne ƙashin bayan al'amarin har gobe. A 1873 Anna Eliot Ticknor ta kafa ƙungiya a Boston ta Amurka don koyar da mata a gidajensu ta wasiƙa, a zamanin da yawancin jami'o'i ba sa karɓar mace.

Jami'ar Landan ce ta shigar da digiri cikin maganar a 1858, inda ta yarda mutum ya zauna jarrabawarta ba tare da ya halarci aji ba. Sai dai a wancan zamanin jarrabawa kawai take yi, ba ta koyarwa, shi ya sa makarantun wasiƙa irin su Wolsey Hall suka taso suna shirya ɗalibai. Jami'ar Afirka ta Kudu, wato UNISA, ta fara koyarwa daga nesa a 1946, kuma a hannunta Nelson Mandela ya kammala digirinsa na shari'a a 1989 yana tsare a kurkuku.

Inda ya kamata a tsaya a duba sosai shi ne Open University ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1969, ta ɗauki ɗalibanta na farko wajen 25,000 a 1971 ba tare da neman takardar shaidar sakandare ba. An fi tuna ta da darussan talabijin na BBC, waɗanda akan sa da sassafe ko da dare ya yi nisa. A ganina ba su ne suka riƙe ɗalibai ba. Talabijin yana ɗaure mutum da agogo, in ka makara shi ke nan, darasi ya wuce, sai da na'urar bidiyo ta shigo gidaje aka samu sauƙi. Abin da ya riƙe su shi ne littattafan da ake kai musu har gida, da malamin da aka haɗa kowa da shi, wanda ke karanta aikin ɗalibi, ya cika gefen takarda da gyara, ya ce nan ka yi daidai, nan kuwa koma ka sake tunani. Pakistan ta kafa irin wannan jami'a ta ƙasa a 1974, Indiya a 1985.

Kwamfuta ta rage kwanakin jira ne kawai. Tun 1973 manhajar PLATO ta Jami'ar Illinois tana da wurin da mutum zai bar saƙo wani ya amsa daga baya. Jami'ar Phoenix ta fara darussa ta kwamfuta a 1989, Moodle, manhajar ɗora darussa a intanet, ya fito a 2002.

Sai guguwar 2011. Sebastian Thrun da Peter Norvig suka buɗe darasinsu na ƙirƙirarriyar basira na Jami'ar Stanford ga duk mai so, mutum 160,000 suka yi rajista. Shekara na zagayowa ga dandalin darussan intanet irin su Coursera da edX da Udacity, har ana cewa kwanan jami'a ya ƙare. Waɗanda suka kai ƙarshen wancan darasin kusan 23,000 ne, kuma a darussan da suka biyo baya masu kammalawa sau da yawa ba sa kai ɗaya cikin goma. Ban yi mamaki ba. Mai aiki ko mai goyo da ya buɗe bidiyo ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ya maƙale a lissafi, ya rubuta tambaya, mako ya wuce shiru, da wuya ya dawo.

Da korona ta rufe makarantu a 2020, jami'o'i da dama suka ruga Zoom, suka kwashe jadawalin aji yadda yake suka ɗora a intanet. Nan take tsohuwar matsalar talabijin ta dawo: mai raunin sabis ya yanke a tsakiyar lacca, ɗalibin da ke wata nahiya ya tashi ƙarfe uku na dare. Dole aka koma naɗar darasi a ajiye, kowa ya kalla in ya samu sarari. Jami'o'i da yawa sun riƙe wannan tsari bayan annobar, kuma dalilin a fili yake: bidiyo sau ɗaya ake naɗarsa ya yi wa dubbai. Gyaran aikin ɗalibi kuwa sai an biya malami ya zauna da takardu ɗaya bayan ɗaya, kuma nan ne nake tsoron almakashi zai fara sauka duk ranar da aljihun jami'a ya yi zafi.