Mece ce "shaƙuwar farko" a wajen ɗan tsuntsu?

Duk wanda ya taɓa sa wa kaza ƙwan zabi ya ga abin da ido. Ranar da aka yi ƙyanƙyasa, 'yan zabin za su jeru bayan kazar, ita ce uwa, ba gardama. Wannan shi masana halayyar dabbobi ke kira shaƙuwar farko. Kalmar da Turawa suka ba shi ma'anarta buga hatimi: abin da ɗan tsuntsu ya fara gani yana motsi, shi ke zama masa uwa.

Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Konrad Lorenz, shi ya fito da zancen fili. 'Ya'yan dinya da suka ƙyanƙyashe a gabansa sun riƙa binsa har cikin ruwa. A 1973 ya samu kyautar Nobel tare da wasu masana biyu. Ƙofar wannan shaƙuwa kuwa ba ta daɗewa a buɗe: a wajen ɗan agwagwa, kwana ɗaya zuwa biyu na farko ne.

To, a damina yara kan tsinto ɗan kirinjijiya, wato agwagwar daji, a bakin tafkin Madarunfa ko a fadamar Gulbin Maradi, a kawo gida, a sa shi a kwali da dusa da ruwa a murfin kwano. Bayan wata biyu fiffike ya cika, sai tambaya ta taso: a sake shi ko a bar shi?

Nan ne ake haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Akwai sabo, akwai shaƙuwa. Wanda aka tsinta ya kwana biyu da iyayensa, ya san shi agwagwa ne, cima kawai ya saba karɓa a hannu. Wannan yana iya komawa daji, in dai yana tashi sosai, ruwa na zamewa daga gashinsa, yana neman abinci da kansa, kuma yana gudun mutum. A kai shi inda 'yan uwansa suke, da safe.

Amma wanda ya buɗe ido ya ga ƙafar Hajiya, yake kuka in ta shiga ɗaki, yake kwanciya a kan takalminta, sakinsa ba tausayi ba ne. Ba wanda ya nuna masa inuwar shirwa ko motsin guza. Zai nufi masunci ko yaro mai ɗanƙo yana zaton abinci aka kawo. In ya balaga ma, yana iya ƙin jinsinsa.

Irin wannan gida ake nema masa, inda akwai agwagi da ɗan ruwan wanka da rufin dare. Kafin nan a leƙa ofishin ma'aikatan gandun daji, don tsuntsun daji a hannunsu yake, su za su faɗi inda ya dace a kai shi.